Leda huɗu

Ran Lahadin da ta wuce muka yi godiyar kaka a majami'armu a nan Wusasa. Ga wanda bai taɓa halarta ba, rana ce da ake cika gaban bagade da abin da gona ta bayar: dammunan dawa da gero, buhunan masara, doya, kabewa, rake, kaji a ɗaure, wani lokaci har da akuya a bakin ƙofa. Gida-gida ake kira. Iyali su taso daga baya suna rawa, matan zumunta na buga tulu da caki, a kai baiko gaba, a durƙusa, Baba Rabaran ya sa albarka. Tun ina goye a bayan Inna ake shiga wannan layi da ni, na kuma shiga da nawa goyon, amma ban taɓa shigarsa da irin zuciyar bana ba. Ɗana na biyu ne a gabanmu, yana dogara sanda, yana jan ƙafar hagu a hankali, ikilisiya duka ta miƙe tsaye tana jira ya iso. A hannuna kuwa akwai wata 'yar takarda da na yago daga littafin tsara darasina, gumi ya jiƙa ta sharkaf.

Mako biyu kafin ranar, Baba Rabaran ya ce duk gidan da ke da shaida su rubuto ta a taƙaice, tare da waɗanda suke so a gode wa, don kada a ci lokaci. Da dare, bayan kowa ya kwanta, na ɗauki biro. Na rubuta sunan Allah a sama. Sai na ce bari in jero hannuwan da ya bi ta kansu ya dawo mini da yaron nan. Da na gama na ƙidaya, sai na ga fiye da rabin mutanen da ke cikin takardar ba za su kasance a majami'a ranar ba, wasunsu ma ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba tun da aka haife su.

A watan Agusta abin ya faru, daren Alhamis, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron ya taso daga Samaru inda yake karatu, zai zo gida ya kwana biyu. Ya hau acaba. Kafin su kai Kwangila wata mota ta kwashe su ta baya, mai motar bai tsaya ba, har yau ba mu san ko wane ne ba. Mutane suka taru, wannan na salati, wancan na haska fitilar waya, amma ba wanda ya sa hannu. Na san dalili, kowa ma ya sani: wanda ya ɗauki mai haɗari sau da yawa shi ake tsarewa da tambayoyi har gari ya waye. Sai wani mai keke, yaro da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya sauke fasinjojinsa a cikin ruwan, ya ce a kama masa. Ya ɗora su biyun, ɗana da ɗan acaban, ya nufi asibiti.

Wajen ƙarfe tara da rabi wayata ta yi ƙara. Sunan ɗana ne ya fito, amma murya ba tasa ba. "Salamu alaikum. Mama ce? Mama, ki yi haƙuri, ki kwantar da hankalinki, yana da rai. Ki taho asibiti." Da muka isa, a bakin sashen gaggawa muka same shi tsaye, jini ya rine masa riga da wando. Ya riga ya yanki kati, ya sayi ledar ƙarin ruwa da allura da safar hannu da kuɗin balas ɗin da zai kai wa ubangidansa mai keken a daren. Maigidana ya sa hannu aljihu zai mayar masa, ya ja da baya ya ce, "Haba Baba, a bari sai ya tashi tukuna."

Ɗan acaban bai kai asuba ba. Zan dawo kansa.

Likita ya ja mu gefe ya ce ƙashin cinya ya karye, amma wannan mai sauƙi ne. Saifa ce ta fashe, jini na zuba a ciki, dole a shiga tiyata a daren a cire ta, kuma za a buƙaci jini leda huɗu. Sannan ya ƙara da maganar da ta sa ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Jinin yaron O negetif ne, irin da ba shi da yawa a cikin mutane, kuma mai shi ba ya karɓar kowane jini sai irin nasa. Leda ɗaya tak suke da ita a ajiye.

Na miƙa hannu na ce a ɗebi nawa, ko duka ne. Aka gwada, nawa A ne. Na ubansa O ne amma fozitif. Yayarsa da ƙanensa ma ba su dace ba. Ni malamar firamare ce, na sha tsayawa gaban allo ina faɗa wa 'yan aji shida cewa jinin ɗan Adam rukuni huɗu ne, A da B da AB da O, kuma wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya fara gano rukunonin a 1901. A daren nan na tsaya a baranda ina kallon jijiyar hannuna. Wata tara na ɗauki yaron nan, na shayar da shi shekara ɗaya da rabi, ga shi yau in an sa masa jinina cuta zai zame masa.

Yayarsa ta tura saƙo a WhatsApp. Kafin sha biyun dare matasan majami'armu sun cika barandar, wasu da ƙafa suka zo cikin ruwan. Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ta dace, wata yarinya 'yar Bajju da ke waƙa a kwaya, mai tsoron allura, ta rufe ido ta miƙa hannu. Leda ta biyu ke nan. Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun wani Ibo mai sayar da kayan mota a Sabon Gari. Bai san mu ba, ba mu san shi ba. Ya san dai irin jininsa ba ya samuwa da sauƙi, don haka duk lokacin da ya ji ana nema yakan je. Ƙarfe ɗayan dare ya iso da rigar ruwa a kan singileti, ya ce da ni da Hausarsa ta kasuwa, "Mama, kada ki yi kuka, jini akwai." Leda ta uku. Da waɗannan ukun aka shiga tiyata.

Gab da asuba likita ya fito ya ce an yi nasara, amma jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an samo ta huɗun. Duk wannan dare mai keken nan bai tafi ba, yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi. Da ya ji, ya miƙe ya ce, "Mama, ina zuwa." Masallacin unguwarsu ya nufa a Tudun Wada. Bayan an sallame sallar asuba ya faɗa wa liman, liman ya sanar. Bai ɓoye musu komai ba, ya ce yaro ne Kirista daga Wusasa. Ya dawo da mutum bakwai a keke biyu. A cikinsu aka sami ɗaya, wani mai faci ɗan kimanin shekara arba'in, tafin hannunsa baƙi ƙirin da aikin taya. Na leƙa ta taga ina kallon ledar tana cika a hankali a gefen gadon, shi kuma yana matsa ɗan ƙwallon roba da aka sa masa a hannu, idonsa a silin. Da ya fito na durƙusa har ƙasa. Ya kauce da sauri ya ce, "Subhanallahi, tashi Mama. Ai ɗa na kowa ne."

Sati biyar muka yi a asibitin. Wanda bai taɓa jinya ba bai san barandar asibiti ba. Gari ne guda. Kowa da tabarmarsa da fulas ɗinsa da bokitinsa. A gefena akwai wata Bafulatana daga wata ruga a hanyar Giwa, mijinta ne a gadon da ke kusa da na ɗana. Hausarta kaɗan ce, ni kuwa ba na jin Fulatanci ko na gaisuwa, amma kafin sati ya zagayo mun san komai na juna. In za ta yi salla ta taɓa kafaɗata ta nuna gadon mijinta, in zauna ina kora masa ƙuda ina duba ledar ruwansa kada ta ƙare. Ran Lahadi in zan leƙa sujada, ita ke zama wurin ɗana, ta ɗaga masa kai ta ba shi kunu da cokali. Ranar da 'yan'uwanta suka kawo nono daga ruga, ta dama fura ta fara miƙo mini ludayi kafin ta sha. Akwai wata Bayarabiya mai jinyar uwarta, ita ce ta san kantin maganin da ya fi rangwame, duk wanda aka rubuta wa magani wurinta yake fara zuwa. Akwai wani dattijo daga cikin birni da ke bi gado-gado kowace safiya yana cewa, "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi," bai taɓa tsallake gado ko ɗaya ba. In an yi rashi, duk barandar ce ke yin tsit, a naɗe wa mutanen tabarmarsu, a raka su har bakin mota. Ban taɓa jin wani ya tambayi addinin wani ba kafin ya ara masa butar ruwan zafi.

A barandar nan na sake karanta labarin kutare goma a Luka sura 17. Tun ina makarantar Lahadi na san shi: Yesu yana wucewa tsakanin Samariya da Galili, kutare goma suka ɗaga murya daga nesa suna roƙon jinƙai, ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka tsarkaka, amma ɗaya ne kawai ya komo ya fāɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne. Kullum a kan taran da ba su dawo ba ake yi mana wa'azi. Ni abin da ya tsaya mini a rai wannan karon daban ne. Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna, ko a ƙwarya ɗaya ba sa shan ruwa. To me ya haɗa Basamariyen nan da sauran har suke yawo tare, suna roƙo da murya ɗaya? Ciwo ne. Lokacin da suke kutare, su goma ne. Da aka warke, sai aka koma tara da ɗaya. Na rufe Littafin na dubi barandar, na ce a raina, ya Ubangiji, mu ma haka za mu yi? Ranar da aka sallame mu, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma unguwarsa, mu koma mu da su?

Ina faɗin haka ne domin na san abin da ke cikin zuciyata, kuma tun da shaida nake bayarwa ba zan ɓoye ba. A watan Maris na 1987 ina da shekara goma sha biyar. Rikicin da ya fara a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da yawa a garin nan. Na tuna hayaƙi ta kowace kusurwa, na tuna Inna ta tura mu ƙarƙashin gado ta zauna a bakin ƙofa tana addu'a ƙasa-ƙasa, na tuna dokar hana fita. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka sake, wannan karon ni ce uwar da ke tura yara ƙarƙashin gado. Mutum fiye da 800 suka mutu a jihohin Arewa cikin kwana uku. Daga nan wata kalma ta zauna a bakina: "su". Ku yi hankali da su. Kada ku yi dare a unguwarsu. Ban taɓa koya wa 'ya'yana ƙiyayya da baki ba, amma yaro ba baki kaɗai yake karantawa ba, yana karanta fuskar uwarsa in an ambaci wasu mutane.

Kuma irina ce ta fi kowa rashin hujja. Mu Hausawa ne, nan aka binne cibiyarmu. Kakata takan ba mu labarin iyayenta, cewa daga cikin Isawa suke, almajiran nan masu karatun Alƙur'ani da suka riƙi girman Annabi Isa tun kafin su ga Bature ko ɗaya. A 1913 wasunsu suka sadu da Likita Miller na mishan ɗin CMS ta ikilisiyar Anglican, wanda ke zaune a cikin birnin Zariya tun 1905. Suka kafa gari a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira, galibi yara, aka dawo da su Zariya. A 1929 mishan ta tashi daga birni ta dawo nan Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin maginan Hausa, tana nan har yau. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri Dakta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Muna alfahari da wannan. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, kusan kowane tsohon gida a nan yana da dangi Musulmi. Ni kaina ina da 'ya'yan ƙanen kakana a cikin ganuwa, wajen Ƙofar Kuyambana. Da Babbar Salla naman layyarsu ke fara shigowa gidanmu, da Kirsimeti shinkafa da cincin ɗinmu ke zuwa nasu. Kamanninmu ɗaya, har wushiryar gidanmu suna da ita. Amma tsoro ya sa na ware su a raina na ce waɗannan namu ne, daban suke, sauran kuwa "su" ne.

Ba na cewa tsoron nan banza ne. Abin da idona ya gani ya gani. Na san zafin a kira mutum arne a kasuwar da kakanninsa suka ci, na san zafin a ce maka ai Bahaushe ba ya zama Kirista, na kuma san zafin ɗan'uwa Kirista daga Kudu ya ji Hausa a bakinka ya ja jikinsa. Amma bayan an sallame mu, mai keken nan ya zo duba ɗana, muna hira sai ya faɗa mini abin da mai facin bai taɓa faɗa ba. Ashe ba ɗan Zariya ba ne. Daga Zonkwa ya taso a 2011, a rikicin nan dai da ni nake ƙarƙashin gado da 'ya'yana. A can Musulmi ne aka kashe da yawa. Ya rasa wansa da ƙannensa biyu, ya iso Zariya da rigar jikinsa. Wannan mutumin ne ya ji liman ya ce yaro Kirista na neman jini, ya sa takalminsa ya hau keke.

Na je har rumfarsa a bakin titi, na kai masa shadda da 'yar masara. Na same shi ya tsoma tayar babur a cikin ruwan baho yana neman inda take yoyo. Na ce, "Malam, na ji abin da ya same ka. Yaya aka yi ka iya?" Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Mama, ai ba shi ya yi ba." Ya ci gaba da juya tayarsa. Shaddar ma sai da na haɗa shi da Allah kafin ya karɓa.

Da na nuna takardata a taron zumuntar mata kafin ranar godiya, wata 'yar'uwa da nake girmamawa ƙwarai ta ja ni gefe. Ta ce, "Malama, Allah ne ya yi, su kayan aiki ne kawai a hannunsa. A gaban bagade Allah ake ɗaukakawa, ba mutane ba." Na fahimce ta, ita ma akwai abin da ta rasa a 1987. Amma ban yarda da ita ba, kuma na faɗa mata. Fartanya kayan aiki ce, ba ta da zaɓi. Mai facin nan yana da zaɓi, yana ma da dalilin da zai sa ya zauna a kan tabarmarsa, ba wanda zai zarge shi. Ya tashi. In na ce na gode wa Allah amma na runtse ido ga mutumin da ya yarda Allah ya yi aiki da shi, to godiyar tawa ragaggiya ce. Hajiyar da ke maƙwabtaka da makarantarmu ta sha faɗa mini cewa a wurinsu ma haka ne, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk addini ɗaya ne. Ni na gaskata Yesu Almasihu ne Ubangiji da Mai Cetona, ya mutu ya tashi, a kan wannan zan rayu, a kansa zan mutu. Hajiya ba ta gaskata haka ba, ta sani na sani, ba ma yaudarar juna. Amma Littafin da nake riƙe da shi ne ya fara gaya mini tun a Farawa cewa cikin siffar Allah aka halicci mutum, bai ce wane mutum ba. Manzo Bulus da ya tsaya a Tudun Arasa a Atina, gaban mutanen da ba su san Yesu ba, ce musu ya yi daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'umman duniya. Yesu da kansa ya ce Ubanmu na sama yana fito da ranarsa a kan mugaye da nagargaru, yana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Masarar da muka kai gaban bagade ran Lahadi, ruwan da ya shayar da ita shi ya shayar da gonar liman da ke iyaka da tamu. Takin da muka zuba, shanun Fulani ne suka bar mana shi da rani. Kullum muna cewa "Ya Ubanmu", muna cewa "ka ba mu abincin yau". Shekara da shekaru ina faɗin wannan "mu" ɗin, iyakarsa a raina bangon majami'a.

Ko gaisuwarmu ma ta riga mu sani. Ya aiki? Da godiya. Ya ruwa? Ya yi gyara. Ya iyali? Mun gode Allah. Mai goro a bakin tasha da matar Rabaran amsa ɗaya suke bayarwa.

Na bi mutanen takardata ɗaya bayan ɗaya, tun da zumunci a ƙafa yake. Ibon nan na same shi a shagonsa tsakanin tayoyi da batura, ya ce shi dai in yaron ya gama karatu a gayyace shi biki. 'Yar kwayarmu yanzu 'yar gida ce. Mai keke kuwa ɗana yana kiransa Yaya. Saura ɗaya da na kasa samu: mai leda ta farko, wadda ke ajiye a asibiti tun kafin mu zo, wadda da ita aka fara riƙe ransa. Na tambayi ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta ce ba a faɗa, kuma a jikin leda ba a rubuta komai sai lamba da rukuni da kwanan wata. Ban san ko namiji ne ko mace ba, ban san yarensa ba, ban san inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba. Tun daga nan tafiya cikin kasuwar Sabon Gari ta canza mini. In ɗan dako ya bangaje ni da baro, kafin in buɗe baki sai in ce ƙila shi ne. In na ga soja a shinge, ko ɗaliba da nikabi, ko mahauci yana wasa wuƙa, sai in ce ƙila wannan ne. Ba wanda zan iya cirewa. A takardar na rubuta shi a layin ƙarshe: wanda ban sani ba.

Baba Rabaran ya karanta takardar duka ran Lahadi, bai rage ko layi ɗaya ba. Da ya zo kan mai faci da liman da masallatan asuba bakwai, majami'a ta yi shiru, sannan wata tsohuwa daga baya ta rangaɗa guɗa.

Amma tun muna rawa zuwa gaba akwai wadda ke raina. Manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa a yi godiya cikin kowane hali, ni kuwa halina mai sauƙin godiya ne, nawa ya tashi. Babur ɗaya suka hau, mota ɗaya ta buge su, keke ɗaya ya ɗauke su. Lokacin da ake zaman makokin ɗan acaban ina baranda, maigidana ne ya je gaisuwa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu da tsohuwar uwa a Hayin Dogo. Wata uku ina cewa zan je, ƙafata na yi mini nauyi. Da wace fuska zan shiga, ni da aka bar wa nawa?

Ran Litinin, washegarin godiya, muka ɗauki buhun masara ɗaya daga abin da muka noma, mai keke ya kai mu, ni da ɗana. Gidan haya ne, ɗaki biyu, an kafa labule a ƙofa. Na yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma. Tsohuwar ta fito tana dafa bango, idonta ba ya gani sosai. Na ce, "Inna, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Mun gode Allah." Na faɗa mata ko ni wace ce, muryata na rawa. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu.

Ta ce, "Ke ce uwar yaron da ya ɗauko? Ina yake?"

Ɗana ya matso da sandarsa ya zauna a gabanta. Ta laluba ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kansa, ta gangaro kafaɗa, ta sauko har kan cinyar da aka sa wa ƙarfe, ta bar hannunta a wurin. Ta ce, "Alhamdulillahi da naki ya tashi. Da duka biyun ne fa?" Sannan ta tambaye shi ko ɗanta ya yi wata magana a hanya kafin motar ta zo. Ɗana ya ce e, Kaka, ya ce in riƙe shi da kyau titi na da santsi, ya kuma ce daga ni zai tashi aiki, zai saya wa yara ƙosai ya wuce gida. Ta gyaɗa kai, ta sa ya sake faɗa mata. Ya sake. Ƙaramin jikan nata, ɗan shekara uku, ya fito daga bayan labule ya tsaya yana kallon sandar, ɗana ya miƙa masa ya riƙe. Matar marigayin ta kawo ruwa a kwanon sha, tsohuwar ta kurɓa ta miƙo mini, na sha, na miƙa wa ɗana. Ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar.